Gashi a cikin ruwa ga yaro mai lalura, akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan gurup, ya gida ya masu jiki, Allah ya ƙara afuwa. Dan Allah taimako nake nema wajen wanda ya sani. Yarona shekararsa shida, ciwon shawara ne ya kama shi yana jariri ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, yana zama yana magana kaɗan kaɗan amma tafiya sai an riƙe shi, in ka miƙar dashi ƙafafun sai su sandare su harɗe ya tsaya kan yatsu. Muna zuwa gashi, wato motsa gaɓoɓin da ake masa a asibiti, amma wallahi tun daga get ɗin asibiti yake fara kuka har mu dawo gida. Shine likitar gashin tace da zamu samu wurin ninƙaya mai ɗumi da an gwada masa motsa jikin a cikin ruwa, wai yara irinsa sun fi sakin jiki a ciki. Na faɗa ma Babansa yace ba laifi, amma da Hajiyarsu taji tace atafau ba da jikanta ba, dama mutane na ta cewa ɗan ruwa ne yanzu kuma mu da hannunmu zamu kai shi ruwa. Tun daga nan Baban nasa yayi gum. Abin yana yi da gaske ko dai kashe kuɗi ne kawai?

Baban Ummi:
Wa alaikumussalam Maman Sadiq, Allah ya bashi lafiya. Ni dai a nawa ganin kar ki ɗora ma kanki abin da ya fi ƙarfinki. Wannan harkar ta turawa ce da masu hannu da shuni, mu da muke siyan ruwan sha wajen 'yan garuwa ina mu ina wankan ful, wato wurin ninƙaya. Kuma ki kiyayi rigima da suruka, ba riba a ciki, ki cigaba da gashin da kuke zuwa kawai.

Maman 'Yan Biyu:
Allah sarki yaro, Allah ya yaye masa. Bari Anti Fisiyo ta hau, fanninta ne

Anti Fisiyo:
Wa alaikumussalam Maman Sadiq, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da abin da ruwan yake yi dan kar a ɗauka wani magani ne ake jiƙa yaro a ciki. Ruwa nauyi yake ɗauke ma mutum. In kika tsaya ruwa ya kawo miki ƙugu kusan rabin nauyinki ne kawai ƙafafunki ke ɗauka, in ya kawo ƙirji ya koma wajen kashi ɗaya cikin uku, in ya kawo wuya kuwa wajen kashi 10 cikin 100 ne ya rage. Kinga kenan yaro mai kilo 20 in ruwa ya kai masa wuya bai fi kilo 2 ƙafarsa take ji ba. Toh a nan ne zai iya ɗaga ƙafa ya taka ya sake ɗagawa, abin da a ƙasa ya gagare shi saboda nauyi da kuma tsoron faɗuwa, dan shi tsoron kansa yana ƙara sandarar da su, da yaji zai faɗi sai jikin ya ƙara ɗaurewa. A ruwa ko ya karkace a hankali yake tafiya yana da lokacin gyara kansa. Sannan ruwan yana turjewa, duk motsin da yayi sai ya tura ruwa, wannan turawar ita ke gina masa ƙarfin baya da ciki da cinya ba tare da an danne shi an lanƙwasa shi yana ihu ba.

Amma fa sharaɗin ɗumi ba ado bane. Ruwan da muke so a wurin gashi digiri 33 zuwa 35 ne, wato kusa da ɗumin fatar jiki. Ful ɗin wasanni yawanci 26 zuwa 28 ne, na otal otal ɗinmu kuwa da yawa babu hita sam yadda gari ya kwana haka ruwan yake. In kika tsoma yaro mai sandarewa a ruwan sanyi ƙara ƙanƙamewa zai yi, ki fito dashi ya fi yadda ya shiga tauri kice abin ƙarya ne.

Kuma in faɗa miki gaskiya tun yanzu, inda ƙwaƙwalwa ta taɓu ruwa ba zai mayar dashi ba. Abin da muke nema shine ya samu ƙarfi, gaɓoɓi kar su ƙage, numfashi ya gyaru, ya samu abin da yake yi da jikinsa yana dariya ba kuka ba. Gashin ƙasa yana nan ba'a ajiye shi, haɗa su ake yi.

Baban Ummi:
Toh kunji ko, da bakinta tace baya warkarwa. Me nace?

Anti Fisiyo:
Baban Ummi ai shi ma gashin ƙasan da kace ta cigaba dashi baya gyara ƙwaƙwalwar, amma baka ce a daina ba. Ka tambayi uwar da ke ɗaukar yaro ɗan shekara goma a baya meye bambanci tsakanin wanda zai iya dafa bango ya tsaya a cire masa wando da wanda sai an kwantar dashi.

Ɗan Kabi:
Salamu alaikum jama'a. Ni shan inna ta kama ni tun ina ƙarami, ƙahwata ta hagu ba ta aiki, da sanda ni ka tahiya har yau. Amma wallahi in ni shiga gulbi babu mai cewa gurgu na. Mu nan Argungu da gora munka koya, irin wadda masunta ka hawa ranar bukin kamun kihi a Matan Fada, ka rungume ta ka yi ta bugun ruwa har hannu shi saba. Yaran da sunka hi ni gudu a tudu duk na bar su baya cikin ruwa. Har yanzu in kahwaɗuna sunka yi min ciwo saboda sanda, ruwa ni ka shiga in ji dama. Dan haka 'yar uwa ki bar maganar otal, ki samu wani babba da ya iya ruwa shi kai miki shi bakin gulbi ko dam, kyauta na.

Maman Sadiq:
Ikon Allah. Mu kam babu gulbi kusa sai dai kududdufin bayan unguwa in damina tayi

Anti Fisiyo:
A'a a'a dan Allah Maman Sadiq ko da wasa kar ki kai shi kududdufi. Ɗan Kabi na ji daɗin labarinka sosai amma lalurarku ba ɗaya bace. Shan inna ƙafa take sakarwa ta zama laƙwas, hannunka da wuyanka da haɗiyarka duk lafiyarsu lau, kai ke juya jikinka yadda kaso. Irin su Sadiq jikin ne ke ɗaurewa ba da izininsu ba, in ya firgita zai iya bankarewa kai ya koma baya ko fuska ta kife a ruwa ya kasa ɗagowa, kuma ba zai yi ihu ba, nutsewa shiru ake yinta ba irin ta fim ba. Na biyu tsargiya. Ruwan dam da gulbi da wuraren noman rani namu da yawa akwai ta, a jikin katantanwa ƙwayar take girma ta fito cikin ruwa ta huda fata ta shiga, ba sai ka sha ba. Je ka ƙauyukan da ke bin ruwan Tiga zuwa Kadawa ka tambayi malaman asibiti yara nawa ke zuwa da fitsarin jini.

Ɗan Kabi:
Anti hitsarin jini ai dukanmu mun yi shi muna yara, wasu ma cewa su kai alamar balaga ta, kuma ga mu nan garau

Anti Fisiyo:
Ba balaga bace malam, ƙwan tsutsa ne ke yaga mafitsara. In ta daɗe ba'a sha magani ba tana lalata mafitsara da ƙoda har takan kai ga ciwon daji. Maganinta firazikwantal ne, shine wanda ake rabawa a makarantu, in baka taɓa sha ba kaje a duba ka tunda har yanzu kana shiga.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ma bari in sa baki kan maganar sanyin nan dan akwai iyayen masu sikila da yawa a gurup ɗin nan. Hassana tawa sikila ce, aka je biki wani wuri mai ful yara suka shiga ita ma ta nace, da rana tsaka ne ana zafi nace ba komai. Ruwan ne da sanyi kuma da ta fito ta tsaya da jiƙaƙƙun kaya iska na bugunta. Daren ranar a asibiti muka kwana tana ihun ƙafa da baya. Likita yace sanyi yana tsuke jijiyoyin jini shine ciwon ke tashi. Toh duk mai sikila in zai shiga sai ruwa mai ɗumi, ba daɗewa, ya sha ruwa sosai, tawul na hannunki a bakin ful da fitowa ki naɗe shi ki canza masa kaya nan take.

Malam Na Zariya:
Assalamu alaikum. Baban Ummi yace harkar masu kuɗi ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya dan wanda ya fi fito da ita duniya ta sani mai kuɗin ne. Franklin Roosevelt, wanda aka zaɓa shugaban Amurka har sau huɗu, a 1921 yana da shekara 39 ciwo ya shanye masa ƙafafu likitoci suka ce shan inna ce. A 1924 ya tafi wani gari a jihar Jojiya da ake kira Warm Springs inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da ɗuminsa wajen digiri 31, ya samu a cikin ruwan yana iya tsayawa da ƙafarsa. Daga baya siye wurin yayi da kuɗinsa ya mai dashi cibiyar jinyar masu shan inna, kuma a can ya rasu a 1945. Gidauniyar da ya kafa a 1938 ita ta zuba kuɗi a binciken da ya haifar da allurar rigakafin shan inna da aka fara a 1955.

Baban Ummi:
Toh Malam ya warke ya taka da ƙafarsa?

Malam Na Zariya:
Bai warke ba, har ya mutu da ƙarafuna a ƙafa da keke yake. Amma mutumin da ke da kuɗin ganin duk likitan da yaso a duniya ya dinga komawa wurin nan shekara ashirin, ai ka san ba dan banza bane. Abin da ma ya sa na kawo zancen, mu ma Allah ya bamu irin ruwan. Wikki da ke Yankari a jihar Bauchi digiri 31 ne dare da rana rani da damina, garau kana ganin yashin ƙasa. Kusan ɗumi ɗaya da na Roosevelt. Su sun gina asibiti a kan nasu, mu namu sai 'yan yawon sallah da ɗaukar hoto.

Mai Keke:
Malam Wikki kam na je kafin inyi hatsari, ka manta matattakalar da ake sauka? Wa zai sauke ni da keke a wurin, ga birai suna jiran su fizge maka leda 😂

Malam Na Zariya:
Ai shine nake cewa ba'a gina shi dan ku ba

Ummu Khairat:
Salam 'yan uwa, yanzu na tashi na ga saƙonni sun taru. Maman Sadiq ni a Ingila muke kuma ɗiyata irin lalurar ɗanki ce da ita, ita doguwar naƙuda ce sanadi. Bari in baki yadda ake yi da ita ko zai rage miki fargaba. Tsarin da suke bi sunansa Halliwick, sunan wata makarantar 'yan mata masu lalura ce a Landan inda wani James McMillan ya fara shi a 1949, kuma shi injiniya ne mai koyar da ninƙaya ba likita ba. Abin da ya fara bani mamaki basa sa ma yaro komai na hana nutsewa, ba robar hannu ba tiyub, mutum ɗaya ne da yaro ɗaya a cikin ruwan. Malamar zata durƙusa har ruwa ya kawo mata kafaɗa fuskarsu ta daidaita, ta riƙe ta ta haƙarƙari, ta ajiye wata 'yar ƙwallo mara nauyi a gabanta tace ta hura. Da farko haushi naji nace kuɗin mota na kashe dan a zo ana hura ƙwallo? Ashe shine tushen, so ake duk sanda ruwa ya taɓa bakinta ta hura waje maimakon ta zuƙa. Daga nan sai ta sa leɓe cikin ruwa tayi kumfa, sai ta rufe baki tayi mmm dan iska ta fito ta hanci. An daɗe a nan kafin a kwantar da ita rigingine kanta a kafaɗar malamar kunnuwa cikin ruwa, wannan kam an sha daru dan ta tsani ruwa a kunne, ƙanƙame wuyan matar take yi har da yaƙushi. Sai kuma koyon juyawa, in ta kife yadda zata juya kai ta miƙa hannu ta koma rigingine fuska a sama ta numfasa. Sunce wannan juyin ya fi duk wani salon iyo muhimmanci. A hankali hannun malamar ke janyewa daga haƙarƙari zuwa ƙugu zuwa yatsu biyu a bayanta.

Wajen rabin awa ake yi. In mun dawo tana cin abinci sosai tayi barci mai nauyi, kuma daren ranar sa mata wando baya bani wuya ƙafafun suna buɗewa. Amma bazan ɓoye miki ba washegari taurin yana dawowa, ba duka ba amma yana dawowa. Abin da ya zauna shine wuyanta da zamanta sun fi da ƙarfi kuma ta rage shaƙewa da yawu. Har yau bata tafiya ita kaɗai. Nan ɗin ma kar ku ɗauka a ɓagas ne, layi ake bi wata da watanni kafin a samu gurbi.

Maman Sadiq:
Allah ya saka da alheri Ummu Khairat, wallahi har naji hawaye. Na ga wata roba a intanet da ake sa ma yaro a wuya yana yawo a ruwa shi kaɗai, ita fa? Nace ko in siya in fara gwada masa a gida

Anti Fisiyo:
Kar ki siya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2022 kan wannan robar wuyan, kuma yara masu irin wannan lalurar ta ambata musamman, dan tana iya ja musu wuya ko yaro ya zame ta ciki ya nutse. Akwai wani tsari na Bad Ragaz daga Suwizalan da ake sa zobban roba a wuya da ƙugu da ƙafa, amma wannan likitan gashi na tsaye a ruwan riƙe da mutum yana sarrafa shi, ba a sa a saki bane. Matsalar duk kayan hura iskan nan sa uwa suke ta saki jiki ta ɗauki waya.

Tunda an zo nan bari in tambaye ki, yana farfaɗiya ko jijjiga? Dan kusan ɗaya cikin uku na yaran nan suna da ita. Kuma in yana shan ruwa ko koko yana yawan ƙwarewa? In farfaɗiyar bata kwanta da magani ba babu maganar shiga ruwa tukuna, in kuma yana ƙwarewa sai an duba haɗiyarsa dan ruwa na iya wucewa huhu. Haka mai zazzaɓi ko gudawa ko ciwo a buɗe ko kunne mai ruwa ko ƙuraje, duk sai sun warke. Manya kuma masu shanyewar ɓarin jiki yana musu amfani sosai wajen koyon taku, amma ruwa in ya kai ƙirji yana matso jini daga ƙafafu zuwa zuciya aikinta ya ƙaru, dan haka mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba sai likitansa ya sa hannu.

Maman Sadiq:
Yayi jijjiga yana ƙarami amma an ɗora shi kan magani ya daɗe bai yi ba. Ƙwarewa kam sai in yayi sauri

Anti Fisiyo:
Toh ki faɗa ma likitan da ke bashi maganin ya rubuto muku a takarda cewa ya yarda, ki kai ma likitar gashin taku. Kuma duk wanda zai shiga dashi ya san yana da tarihin jijjiga.

Adimin:
Na goge tallan da wani ya turo na maganin shafawa mai tayar da gurgu a kwana bakwai. Malam wannan karo na ƙarshe kenan, in ka sake zan cire ka.

Mai Keke:
Duk wannan bayanin yayi kyau amma ku zo mu faɗi inda gizo ke saƙar, ina wurin yake? Ni laka ta ce ta taɓu a hatsarin babur, daga ƙugu zuwa ƙasa bana ji. Abokina ya kai ni wani otal da kuɗina a hannu, mai gadin ful ɗin ya kalli keken ya kira manaja, manaja yazo yana murmushi yana sosa ƙeya wai sauran baƙi ba zasu sake ba kuma in wani abu ya same ni su za'a kama. Muka juyo. Alhali akwai doka, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta hana nuna ma masu buƙata ta musamman wariya, mutum in ya karya tarar naira dubu 100 ko wata shida a gidan yari, kamfani miliyan ɗaya, kuma aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Shekara biyar ɗin ta cika tun farkon 2024. Ku nuna min ful ɗaya mai gangara ko kujerar sauke mutum cikin ruwa a unguwarku.

Baban Ummi:
Yauwa ɗan uwa, ka dawo kan maganata. Ba wai na ƙi abin bane, babu shi ne a inda talaka zai kai hannu

Malam Na Zariya:
Shi manajan da ya san Natalie du Toit da kunya ta kama shi. 'Yar Afirka ta Kudu ce, mota ta buge ta a kan babur a 2001 aka yanke mata ƙafar hagu, a 2008 ta shiga gasar Olamfik ta Beijin da masu ƙafa biyu tayi ninƙayar kilomita 10 ta zo ta 16. Ninƙaya tana cikin gasar nakasassu ta duniya tun ta farko a Rum a 1960, har makafi suna yi, mutum ke tsayawa a bakin ful da doguwar sanda mai soso a kai ya taɓa su in sun kusa bango.

Mai Keke:
Malam ni ba Olamfik nake nema ba, so nake bayana ya huta da kujerar nan ko na rabin awa ne

Anti Fisiyo:
Mai Keke in dai babu gyambon kwanciya a jikinka kuma ka tsara fitsari da bayan gida kafin ka shiga, kana iya shiga. Sai dai ka kula da ƙafafun tunda baka ji, gefen ful da ƙasansa suna goge fata baka sani ba, ka sa safa kuma ka duba su in ka fito.

Inna Ta Gwale:
Ni tsohuwa ce a cikinku jikata nake riƙo, bari in ce wani abu kan Hajiyar da kowa ya tsallake. Kar ku ga laifinta da yawa. Mu mun taso muna ganin kududdufi na cin yara duk damina, kuma mun taso ana cewa yaro irin wannan ba mutum bane na ruwa ne aka musanya, har a da akan kai su bakin rafi a ajiye a juya baya wai su koma wurin danginsu. Allah ya yafe ma na baya, jahilci ne, 'ya'ya ne kamar kowa. Toh ita Hajiya tsoronta biyu, kar ruwa ya cinye mata jika kuma kar bakin mutane ya samu abin faɗa. Maman Sadiq 'yata, kar ki tsaya musu da ita kuma kar ki tura mijinki ya zaɓa tsakaninku. Ranar gashi ki ce Hajiya dan Allah raka ni yau hannuna ciwo yake, ta je ta ga kukan da yake da idonta, ki bar likitar ta yi mata bayani da bakinta. In an samu wurin kuma ita za ki ba tawul ta zauna a bakin ruwan tana tofa masa addu'a. Tsoho in ka bashi matsayi a cikin abu shi zai fi ka kare shi.

Maman 'Yan Biyu:
Inna kin gama magana wallahi

Malam Na Zariya:
In ta kawo ta fuskar addini kuma a tuna mata maganar da ake jingina ma Sayyidina Umar cewa a koya ma yara iyo da harbi da hawan doki.

Ummu Khairat:
Maganar sutura ma zata taso dan ke zaki fi shiga dashi. Riga mai dogon hannu da dogon wando na roba roba da hula mai kama kai sun wadatar. Banda zani banda dogon hijabi a cikin ruwa, suna shan ruwa suyi nauyi su naɗe miki ƙafa kina riƙe da yaro. Shi kuma akwai famfas na ruwa daban, na kullum kumbura yake ya fashe.

Baban Ummi:
Toh ni ga tambaya tunda kun taru a kaina. Irin tamfol ɗin nan da muke kiwon kifi a ciki, in aka samu sabo aka kafa a tsakar gida aka cika aka bar rana ta dake shi zuwa la'asar, ba zai yi ba? A watan Maris zuwa Mayu ai ruwan randa ma ɗumi yake

Anti Fisiyo:
Kaga yanzu ka zo da magana. Zai yi na zama da wasa da hura kumfa da miƙa ƙafa, har tsayuwa in zurfin ya kai masa ƙirji, amma da sharaɗi. A siyo ma'aunin zafi a auna kar a yi da ka, babba ya shiga ciki tare dashi hannu a jikinsa ba wai ya tsaya a waje yana kallo ba, likitan gashi mai rijista ya zo ya nuna yadda ake riƙon ko sau ɗaya ne, kuma in an gama a zubar da ruwan ko a rufe da abin da yaro ba zai iya ɗagawa ba dan ƙannensa, ɗan yaye ruwan bokiti ma ya ishe shi halaka. Ruwan da ya kwana biyu ba kulorin kuma ya zama gidan sauro da ciwon ido. Da hunturu kam a haƙura sai in za'a dafa ruwa a sirka.

Baban Ummi:
Zubarwa kuma? Anti kin san kura nawa ke cika tamfol ɗin nan kuwa?

Maman 'Yan Biyu:
Sai ayi wanki dashi a ba shuka mana Baban Ummi, kai komai sai ka kawo lissafi 😂

Mai Keke:
Ni shawarata mu haɗu mu goma ko sha biyar mu je ma mai ful ɗaya a ƙungiyance mu kama awa biyu a sati lokacin da babu baƙi, awa ɗaya mata da yara awa ɗaya maza. Mutum ɗaya suke rainawa, in suka ga kuɗi a dunƙule da takardar likita bakinsu zai canza. Makarantun kuɗi ma wasu suna da ful yana zaune ranar da babu karatu.

Adimin:
Wannan ta yi. Duk mai so ya turo min suna da unguwa da irin lalurar ta bayan fage kar a cika gurup. Anti Fisiyo zaki samu zuwa?

Anti Fisiyo:
Zan zo in Allah ya yarda amma sai na fara zuwa na auna ruwan na ga zurfinsa da matakalar, kuma dole a samu mai ceto a bakin ful. Wanda bai zo da takardar likitansa ba bazan shiga dashi ba ko ɗan uwana ne. Kowane yaro da babba ɗaya, ba uwa ɗaya da yara uku ba.

Ɗan Kabi:
In kuna son mai koya ma mazan ku biya min kuɗin mota in taho, amma sai Anti ta yarda in zo da gorata

Anti Fisiyo:
Ka fara zuwa gwajin fitsarin tukuna

Maman Sadiq:
Adimin na turo nawa. Amma dan Allah kar a sa Asabar da safe, akwai islamiyya kuma Babansa sai azahar yake dawowa da mashin.